Gandu (tsarin noma na iyali)

Gandu (jam'i: gandaye) tsari ne na noma da zaman iyali a ƙasar Hausa, inda uba da 'ya'yansa maza, har da waɗanda suka yi aure, suke noma gona ɗaya, su zuba amfaninta a rumbu ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya. Shugaban wannan haɗaka shi ake kira mai gandu ko maigida. Idan ya rasu, babban ɗansa kan riƙe ƙannensa a ci gaba da noman tare, ko kuma a raba gado kowa ya ci gashin kansa. An san gandu a ƙauyukan arewacin Najeriya da kudancin Nijar, a tsakanin Hausawa Musulmi da Maguzawa. Tushensa yarjejeniya ce da ba a rubuta ta: 'ya'ya su ba da ƙarfinsu, uba ya ɗauki nauyin ci da sha da aure da harajinsu. Saboda haka masu nazarin zamantakewa suke ɗaukar sa a matsayin misali na yadda haɗin kan iyali yake dogara ga adalcin shugabansa.

Kalmar da ma'anoninta

Gandu suna ne jinsin namiji, shi ya sa yake ɗaukar mahaɗin -n, kamar a gandun sarki ko gandun gidanmu. Ma'anarsa ta farko ita ce babbar gona. Daga nan kalmar ta faɗaɗa ta ɗauki mutanen da ke noma gonar da kuma dangantakar da ke tsakaninsu. Idan aka ce “wane yana gandu”, ba ana nufin yana cikin gona a wannan lokacin ba, ana nufin har yanzu yana ƙarƙashin mahaifinsa ko wansa ta fuskar noma da abinci. Haka “ya fita daga gandu” na nufin ya ware ya kama tasa tukunyar.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo wata tsohuwar ma'ana da ba a cika ji ba yanzu, wato abin da ake biyan sarki na haraji ko gaisuwa. A Hausar zamani kuma an samu gandun daji, wato dajin da hukuma ta keɓe ta hana sara da farauta, kamar na Yankari a jihar Bauchi da na Falgore a jihar Kano. Kalmar ta zauna a sunayen wurare ma. Gandun Albasa a yau unguwa ce a cikin Kano, kuma labarin baka na cewa sunan garin Gwandu ya samo asali ne daga gandun Kanta na Kabi.

Abokiyar tafiyar gandu ita ce gayauna, wato ƙaramar gonar da mai gandu yake yankar wa ɗansa ko ƙanensa ko matarsa domin amfanin kansa. A yankin Maraɗi da wasu sassan Nijar gamana ake ce mata.

Yadda gandu yake gudana

Aikin gandu na bin damina ne. Tun bazara ake yin sharar gona da kai taki. Da ruwan shuka ya sauka, kowa da kowa yakan fita, manya na sara da sungumi, yara na bin su suna jefa iri suna rufewa. Bayan haka sai noman farko, sai maimai, sai huɗa a inda ake yin ta, sannan girbi da ɗaurin dami da kai amfani rumbu. Gero da dawa su ne ƙashin bayan gonar gandu domin su ne abinci, ana kuma haɗa su da wake da gyaɗa ko auduga.

Ba duk yini ake yi wa gandu aiki ba. A al'adar da aka fi sani, ana fita da safe a yi aiki har zuwa azahar, a kawo wa manoma fura ko tuwo a gona. Daga azahar zuwa faɗuwar rana lokacin mutum ne na kansa, ya tafi gayaunarsa ko ya kama sana'arsa ta saƙa ko ƙira ko jima ko ɗinki. Yawan ranakun ya bambanta, a wasu wurare kwana huɗu a mako, a wasu biyar ko shida. Juma'a galibi ranar hutu ce, wasu ƙauyukan kuma sukan ƙara da ranar kasuwarsu. Abin da mutum ya samu a gayauna ko a sana'ar rani nasa ne, mai gandu ba shi da ikon taɓawa, sai dai ɗa ya yi masa ihsani da kansa.

Mabuɗin rumbu yana hannun mai gandu. Bayan girbi yakan fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma idan amfanin ya kai nisabi, ya ware iri, ya yi kyauta ga dangi da malamai da masu sana'ar da suka yi wa gidan hidima, irin su maƙeri da wanzami. A gidaje da yawa akan rufe babban rumbu da rani, ba a buɗe shi sai damina ta kama. Hikimar wannan a fili take: lokacin da ake noma mai wuya shi ne lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa, kuma manomin da bai ƙoshi ba ba ya iya riƙe fartanya. A watannin da rumbun yake rufe, samari kan tafi cin rani, wanda ke rage bakunan da ake ciyarwa, sauran kuma su lallaba da abin da aka samu a gayauna da sana'a.

Idan aiki ya fi ƙarfin gida, mai gandu kan kira gayya. Maƙwabta da abokan 'ya'yansa da surukai su taru su yi masa noman yini guda, shi kuma ya ciyar da su, wani lokaci har da makaɗan noma. Gayya bashi ce, duk wanda aka yi wa dole ya aika nasa yaran ranar da aka kira ta wani.

Nauyin da ke kan mai gandu

Mai kallo daga waje yakan zaci uba ne kawai yake cin gumin 'ya'yansa. Lissafin ba haka yake ba. Mai gandu ne yake ciyar da duk wanda ke cikin gandun, da matansu da 'ya'yansu, aƙalla a tsawon damina. Shi yake samar da iri da taki da kayan aiki. A zamanin da ake biyan haraji, shi yake biya wa kowane baligi na gidan. Shi yake yi wa ɗansa auren fari, tun daga kayan na-gani-ina-so har sadaki da lefe da ɗakin da amarya za ta zauna. Idan aka yi haihuwa, ragon suna yana wuyansa. Haka tufafin sallah, da maganin marar lafiya, da biyan tara ko bashin da wani ɗan gidan ya jawo. Kuma wajibi ne ya ba kowane magidanci gayauna, ya bar masa lokacin noma ta.

Cikin waɗannan duka, aure ne ya fi ɗaure saurayi a gandu. Matashin ƙauye ba shi da hanyar tara abin aure shi kaɗai cikin sauƙi, don haka shekarun da ya yi yana noma wa mahaifinsa tamkar ajiya ce da za a mayar masa ranar da ya tashi yin iyali. Uban da ya ci amfanin wannan ƙarfi, sannan ya ɗauki kuɗin gyaɗa ya ƙara wa kansa mata alhali ɗansa baligi yana zaune ba aure, ya karya yarjejeniyar, kuma mutanen gari ba za su zargi ɗan ba idan ya fita.

Ikon mai gandu, ke nan, ba na dole ba ne. Ba shi da ɗan doka, ba shi da kurkuku. Abin da yake riƙe mutane da shi shi ne gona da rumbu da albarkar iyaye, wadda Bahaushe yake tsoron rasawa, sai kuma halinsa. Ana son ya zama mai haƙuri da kawaici, wanda ba ya fifita ɗan mowa a kan ɗan bora, ba ya ɓoye abin da aka sayar, yana kuma shawara da manyan 'ya'yansa kafin ya jinginar da gona ko ya sayar da sa. Karin maganar da ke cewa babba juji ne ta dace da matsayinsa, domin duk ɓacin ran gidan a kansa ake zubarwa. Idan rigima ta fi ƙarfinsa akan kira baffanni da kawunnai, daga nan sai liman ko mai unguwa, daga nan dagaci. Kai ƙarar uba ko wa gaban alƙali abin kunya ne, ba a yin sa sai an rasa yadda za a yi.

Dattijon da ya san ya kamata yakan fara sakin ragama tun yana raye. Ya bar wa babban ɗansa tsara aikin yini, ya ƙara wa masu iyali girman gayauna, wani ma ya raba gonakin da kansa a gaban shaidu domin kada a yi faɗa a bayansa. A wannan mataki gandu yakan juye ya zama hanyar kula da tsoho: 'ya'ya na noma, uba na zaune a zaure, abincinsa na fitowa daga rumbun da ya cika shekara da shekaru.

Gandun 'yan'uwa da matsayin mata

Gandu iri biyu ne, na uba da 'ya'yansa da kuma na wa da ƙannensa. Na biyun ya fi saurin watsewa. Wa ba shi da kwarjinin uba, kuma kowane ƙane ya san yana da rabonsa a gonar ta hanyar gado. Idan 'yan ɗaki ɗaya ne, musamman idan mahaifiyarsu tana raye, sukan daɗe tare. Idan 'yan uba ne, da wuya a wuce 'yan shekaru. Wani abin da ke kawo saɓani shi ne bambancin yawan iyali: mai mata ɗaya da ɗa ɗaya yakan ga yana noma ne domin ciyar da 'ya'ya takwas na wansa. Akan ɗora laifin rabuwar a kan faccaloli, wato matan 'yan'uwan, amma sau da yawa rigimar girki da awo alama ce kawai ta lissafin da mazan suka riga suka yi a zuci.

A gidajen Musulmi da ake kulle, matan aure ba sa fita noman gandu. Aikinsu yana cikin gida: sussuka da surfe da daka da girki bi da bi, da dama furar da ake kai wa gona. Suna da nasu jarin na awaki da tumaki da sana'ar ƙuli-ƙuli ko kaɗi, wanda ba ya shiga gandu, har miji kan ci bashi a hannun matarsa idan rumbu ya yi ƙasa. A wurin Maguzawa da ƙauyuka da yawa na Nijar kuwa, mata suna noma a gonar gandu tare da maza, suna kuma da tasu gayaunar.

Gandun sarauta da bayi

A ƙarni na 19, zamanin daular Sakkwato, kalmar gandu ta ƙunshi manyan gonakin sarakuna da attajirai waɗanda bayi suke nomawa. Ƙauyen bayin ana ce masa rinji, a Fulatanci kuma rumde, mai kula da aikin shi ne sarkin gandu. A Kano, manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna cikin masu lura da gandayen fada. Fanisau, a arewa da birnin, ta yi suna da irin waɗannan gonaki tun zamanin Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846), kuma masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya yi littafi a kanta a 2011.

Tsarin aikin ya yi kama da na iyali. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda bayin gidansu suke noman gandu har azahar, a kai musu abinci gona, sannan su koma nasu gonakin da yamma. Kamannin bai kamata ya ruɗi mai karatu ba. Ɗa yana iya fita daga gandu, yana kuma jiran gado. Bawa ba shi da ko ɗaya, sai dai ya fanshi kansa ko ya shiga murgu, wato ya riƙa biyan ubangidansa wani abu domin a bar shi ya yi aikin kansa. Dokar Turawan mulkin mallaka ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne, sannan aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya a 1936.

Abin da masana suka gano

Joseph Greenberg, wanda daga baya ya yi suna wajen rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, kuma littafinsa na 1946 ya bayyana manyan gidajensu masu noma tare. M. G. Smith ya yi nazarin tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau a rahotonsa na 1955. A ɓangaren Nijar, Guy Nicolas da Claude Raynaut sun yi rubutu da Faransanci a kan gandu da gamana a yankin Maraɗi.

Aikin da aka fi ambata shi ne na Polly Hill (1914–2005), wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Ta ɗauki gandu a matsayin yarjejeniya ta ganin dama wadda uba da ɗa duk suke amfana da ita. Ta kuma nuna abin da masu yabon zaman da ba su cika faɗa ba: gandu ya fi ƙarfi a gidajen masu hali. Uban da ke da gonaki da taki da hatsi yana iya riƙe 'ya'yansa, ƙarfinsu kuma ya ƙara masa arziki. Talaka kuwa rumbunsa kan ƙare tun kafin damina, dole shi da 'ya'yansa su tafi ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasu gonar take buƙatar noma, sai amfaninsu ya sake raguwa. A irin wannan gida ɗa yakan fita ba don rashin biyayya ba, sai don babu abin da za a riƙe shi da shi. Ta kuma lura cewa gandun 'yan'uwa bai yawaita a Batagarawa ba.

A. D. Goddard, a maƙalarsa ta 1973 kan ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato, ya danganta raunin gandu a can da ƙarancin ƙasar noma da yawan tafiya cin rani. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina ya buga littafinsa a 1983, ya duba al'amarin ta fuskar yunwa. A ganinsa babban gida da rumbun ajiya da taimakon dangi su ne garkuwar manomi a shekarar fari, kuma harajin kuɗi da noman sayarwa na zamanin Turawa sun raunana wannan garkuwa. Wasu masanan daga baya sun yi gargaɗi cewa manoma ba sa amfani da kalmar da ma'ana guda tsayayya kamar yadda littattafai suke yi, domin akwai gidajen da suke noma tare amma girki daban, akwai kuma masu girki tare amma kowa da gonarsa.

Dalilan raguwarsa

Babban dalili shi ne ƙasa. Gado a shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya yana ba kowane magaji rabonsa: matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji kuma rabon mata biyu. Gonar da ta ciyar da gida guda a hannun kaka, idan aka raba ta sau biyu ko uku, takan koma 'yan fegi da ba za su riƙe gandu ba. A da, wanda gona ta yi wa kaɗan yakan sari daji. A wuraren da jama'a suka yi yawa, kamar kewayen Kano da Katsina da kudancin Maraɗi, dajin ya ƙare.

Na biyu shi ne kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, sai saurayi ya ga gayaunarsa kaɗai tana iya kawo masa kuɗin da a da sai ta hannun uba yake gani. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun kori mutane da yawa daga ƙauye, a daidai lokacin da kuɗin man fetur yake jan matasa zuwa birane, makarantun boko kuma suka yawaita bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna da hakan, sai dai ya cire ɗaya daga cikin abubuwan da ɗa yake dogara da uba a kansu.

Raguwar gandu ba asara ce zalla ba. Ƙannen da wa ya danne, da matasan da aka ƙi yi wa aure a kan lokaci, sun samu mafita. Waɗanda suka fi cutuwa su ne tsofaffi da marayu da zawarawa, waɗanda a da suke da rabo a tukunyar gida ko ba su yi noma ba. A kudancin Maraɗi masu bincike sun ga yadda ƙarancin gona ya sa magidanta suka daina ba matansu gamana, wanda ya raba mata da yawa da hanyar samun hatsin kansu.

Gandu a yau

Har yanzu ana samun gandu a karkara, musamman na uba da 'ya'yansa, ko da yake ya sauya kama. A gidaje da yawa ɗa ɗaya ko biyu ne suke zaune suna noma, sauran suna Kano ko Abuja ko Legas ko Agadas suna aiko da kuɗin takin zamani da na 'yan ƙwadago da na hayar garmar shanu ko tarakta, a aika musu da buhun gero ko masara bayan girbi. Wasu magadan sukan ƙi raba gonar mahaifinsu da gangan, su bar ta a hannun babban wa, ana fitar da abincin mahaifiyarsu da hidimar biki da ta rashin lafiya daga cikinta.

Irin wannan gonar da ba a raba ba takan jawo shari'a idan gari ya cim mata, farashin fili ya tashi, jikoki suka nemi rabon iyayensu. A Najeriya kotunan shari'ar Musulunci ne suke raba irin wannan gado, ko da yake Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallakar gonakin karkara. A Nijar, dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa waɗanda suke rubuta gado da saye da jingina da aron gona, tare da sa hannun masu gari.